Jinyar Kirista a ƙarshen rayuwa: tambayoyi da amsoshi ga iyali, fasto da masu ziyara

Waɗannan su ne tambayoyin da iyalai, dattawan ikkilisiya da matan zumunta suka fi yi wa ma'aikatan jinya da fastoci idan cuta ta wuce warkewa. Adadin magungunan da muka ambata na babban mutum ne. Mun kawo su ne don ku gane abin da likita ya rubuta, ba don a je kemis a saya ba.

Likita ya ce mu kai shi gida, babu sauran abin yi. Shi ke nan an gama?

Abin da likita yake nufi shi ne babu maganin da zai kawar da cutar. Amma ciwo yana da magani, amai yana da magani, haki da rashin barci da tsoro duk akwai abin da ake yi musu. Sauƙaƙa wa mara lafiya wahala fanni ne mai zaman kansa, kuma a asibitocin koyarwa za ku ji ana ce wa sashen faliyatif. Ba na masu cutar kansa kaɗai ba ne. Mai ciwon ƙoda da ya kasa ci gaba da wankin ƙoda, mai ciwon hanta ko zuciya da ya yi nisa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, duk suna ciki.

Tsarin na zamani ya faro ne daga Cicely Saunders, wata Kirista 'yar Ingila da ta yi aikin nas kafin ta zama likita, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta nuna cewa azabar mai mutuwa iri huɗu ce a cakuɗe: ta jiki, ta zuciya, ta iyali da kuɗi, da ta ruhu. Uwar da take tunanin wa zai riƙe mata yara ba za ta runtsa ba ko an ninka mata magani, kuma wanda ƙashinsa ke sara ba zai ji karatun Zabura ba. Shi ya sa nas da fasto suke buƙatar juna.

Kada ku bar asibiti sai kun karɓi takardar sallama mai sunan cutar da jerin magunguna, da maganin ciwo da zai kai aƙalla mako biyu, da sanin inda za ku sake samunsa, da lambar wanda za ku kira da dare. Ku tambayi likita kai tsaye abin da zai iya faruwa a gida: zubar jini, jijjiga, toshewar fitsari. Idan akwai haɗarin zubar jini, ku tanadi tawul masu duhun launi, domin ganin jini a farin zani yana firgita kowa.

Yarda cewa mutuwa ta kusa ba rashin bangaskiya ba ne?

Ba shi ba ne. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12). Shi da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya bar abokin tafiyarsa kwance ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Annabi Elisha ciwo ne ya zama ajalinsa (2 Sarakuna 13:14). A labarin sarki Hezekiya kuwa, cikin sura ɗaya aka ce masa ya kimtsa gidansa, ya yi addu'a da kuka, aka ƙara masa shekara 15, aka kuma ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38). Shiri da addu'a da magani sun tafi tare, babu wanda ya kori wani.

Mu ci gaba da roƙon warkarwa, wannan hakkinmu ne na 'ya'ya. Abin da muke hanawa shi ne alkawari da bakin Allah: "Baba, ba za ka mutu ba, na gani." Illarsa a fili take. Idan jiki ya ci gaba da lalacewa, mara lafiya yakan ɗauka bangaskiyarsa ce ta gaza, sai ya ƙara nauyin laifi a kan ciwo. Yakan ɓoye ciwonsa don kada a ce yana furta mugun abu. Iyali su sayar da gona da dabbobi suna bin wani sabon wuri, kuma a rasu ba a yi sallama ba, ba a yafi juna ba, ba a san inda takardu suke ba.

Mu gaya masa gaskiya, ko mu ɓoye don kada zuciyarsa ta karaya?

Yawancin marasa lafiya sun riga sun sani. Suna ganin ramarsu, suna ganin yadda ake yin shiru idan sun farka. Ɓoyewar takan bar mutum shi kaɗai da tsoronsa, kowa yana yi wa kowa kara.

Amma ba a jefa wa mutum labari. A zaɓi lokacin da ciwo ya lafa, a rage mutane, a zauna. A fara da tambaya: "Mama, me kika fahimta daga abin da likita ya ce?" Sannan: "Kina so a yi miki bayani duka, ko kin fi so a yi da Yaya?" Idan ta ce a yi da wani, an girmama zaɓinta, sai a sake tambaya bayan kwana biyu. Idan ta ce a faɗa, a fara da gargaɗi, "Sakamakon bai zo yadda muke fata ba," a dakata, a faɗi jimla ɗaya ko biyu a sarari, a yi shiru. Kuka ba alamar an yi kuskure ba ce. Kada a ba da rana ko wata; a ce makonni ne ko watanni, gwargwadon abin da likita ya gani. A rufe da abin da za a yi: za a kashe ciwon, ba za a bar ta ita kaɗai ba.

Yaya ake maganin ciwo a gida?

Da farko a auna. A nuna yatsu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsu biyar ciwon da ya fi kowane. A tambayi inda yake, da irinsa (sara, suka, ƙuna, murɗa), da abin da ke tayar da shi. A rubuta a littafi safe da yamma. Wanda ba ya iya magana, a duba ɗaure fuska, nishi da ƙanƙame jiki lokacin juyawa.

Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 ita ce har yanzu ginshiƙi: ta baki, bisa agogo, mataki-mataki. Ciwo mara tsanani, farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma a rage wa wanda ya rame sosai ko mai ciwon hanta. Ibuprofen da diklofenak suna taimakon ciwon ƙashi, amma suna cin ciki suna lalata ƙoda, don haka ba na mai gyambon ciki ko mai ciwon ƙoda ba ne. Ciwo mai tsanani, mofin. Ciwon jijiya, mai ƙuna ko fizga, sau da yawa sai an haɗa da wani magani kamar amitiriftilin da dare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai ciwo ya dawo kafin a ba da magani. Ciwon da cutar kansa ke kawowa ba ya tafiya, magani ne ke danne shi na 'yan awoyi. Idan aka jira, sai an ba da mai yawa kafin ya sake kwanciya. Kuskure na biyu, kiran mai allura ya zo ya yi fentazosin duk lokacin da aka ji ihu: aikinsa gajere ne, yana kawo ruɗewa, yana kuma rage ƙarfin mofin idan an haɗa su.

Mofin ba ƙwaya ba ce? Ba zai sa shi maye ko ya gaggauta mutuwarsa ba?

Tsoron yana da tushe. Arewa ta ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai shan ƙwaya don maye daban, ba mai ciwon kansa adadin da aka auna daban. Idan an fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa gwargwadon ciwo, mofin ba ya gajarta rai, kuma jaraba ba ta cika kama mai ciwo na gaske ba. Abin da ya sa ake danganta shi da mutuwa shi ne ana jinkirta shi sai kwana biyun ƙarshe.

A Afirka, ruwan mofin na sha ya yaɗu ne daga Yuganda, inda Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Yawanci ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4: ƙarfe 6 na safe, 10, 2, 6, 10 na dare, da 2 na dare. Wasu likitoci kan ninka na ƙarfe 10 na dare don a tsallake na tsakar dare. Idan ciwo ya ɓullo tsakani, ana ba da ƙari daidai da kashi ɗaya cikin shida na jimlar yini. Mai shan 5 sau shida, jimla 30, ƙarinsa 5 ne. Idan ana buƙatar ƙari fiye da sau biyu ko uku a yini, a sanar da likita ya ɗaga adadin.

A kula da kwalba. Akwai mai miligiram 5 a cikin mililita 5, akwai mai 50 a cikin mililita 5, ninki goma ke nan. A auna da sirinji marar allura, ba da cokali ba, kuma duk sabuwar kwalba a sake karanta ƙarfinta. A kulle ta inda yara da samarin gida ba za su kai ba. Abin da ya rage bayan rasuwa a mayar wa sashen magani na asibiti.

Ta fuskar imani, Fafaroma Pius na 12 ya amsa wa likitoci a 1957 cewa ya halatta a kashe wa mai mutuwa ciwo da irin waɗannan magunguna, muddin ba mutuwar ake nufi ba. Ikkilisiyoyin bishara ma ba sa koyar da cewa jure azabar da ke da magani wani lada ne.

To me ke lalacewa idan an fara shi?

Bayan gida. Kusan duk mai shan mofin cikinsa yana ɗaurewa, kuma wannan ba ya wucewa da kansa. Don haka ranar da aka fara mofin, ranar ake fara maganin sakin ciki, kamar bisakodil ko ƙwayar sena da dare. Sena dangin filasko ce, amma jiƙon filasko na gida ba a san ƙarfinsa ba, yana iya murɗa ciki ya zubar da ruwan jiki. Kwana uku babu bayan gida, a kira nas. Zawo mai ruwa-ruwa bayan dogon ɗaurewa sau da yawa toshewa ce ruwa ke zagayowa, kada a ba da maganin tsayar da zawo.

Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan zo a kwanakin farko su wuce cikin mako. Alamun ya yi yawa su ne barcin da ba a iya tayarwa, fizgar gaɓoɓi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, da numfashi ƙasa da 8 a minti. A tsallake na gaba, a kira likita nan take. Mai ciwon ƙoda ya fi shiga wannan haɗari domin maganin yana taruwa a jikinsa. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a yanke masa lokaci ɗaya.

Ya daina cin abinci. Mu yi masa ɗura, ko a sa masa ƙarin ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan iyali, domin a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna, kuma ba wanda yake so a ce ya bar mahaifinsa da yunwa. Amma a wannan mataki, ba rashin ci ne ke kashe shi ba. Cutar ce ta sa jiki ya daina karɓa. Ba ya jin yunwa yadda mai lafiya yake ji.

A ba shi abin da ransa ke so, cokali biyu ko uku, sau da yawa: kunu mai ɗan kauri, koko, romo, nono, gwanda. A zaunar da shi tsaye, a bar shi haka minti 30 bayan ci. Idan ya fara tari, ko muryarsa ta koma mai ruwa-ruwa bayan haɗiya, a tsaya, abincin huhu yake tafiya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, ko ruwan addu'a ne.

Ƙarin ruwa yana da amfani idan amai ko zawo ne suka kayar da mutumin da ke da sauran makonni. A kwanakin ƙarshe kuwa ƙoda ba ta iya fitar da shi, sai ya taru a ƙafa da ciki da huhu, haki da kakari su ƙaru. Ƙishin da ake tsoro, jiƙa baki ne maganinsa. Wani abu da ake mantawa: mai ciwon suga da ya daina ci, idan aka ci gaba da ba shi maganin suga yadda aka saba, sugansa zai faɗi ya suma. A sa likita ya sake duba magungunan suga da na hawan jini. Azumi kuwa na masu lafiya ne. Ikkilisiya ta yi a madadinsa.

Yaya za mu hana gyambon kwanciya da wari?

A juya shi duk awa 2: dama, baya, hagu. Mutum biyu su ɗaga shi da zanin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, kada a ja shi, jan ne ke saɓule fata. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya rataya. Leda ta zauna ƙarƙashin zani, kada ta taɓa fata. Kullum a duba ƙugu, kwatangwalo, diddige, gwiwar hannu da kunne. A baƙar fata alamar farko ba ja ba ce: wurin yakan ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi zafi ko tauri. Kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai.

Idan ya fashe, a wanke da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ban da toka, ban da maganin wanke ƙasa, ban da garin kafso. Miki mai wari, irin na kansar nono da ta fashe, ana daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa bayan wanki sau ɗaya ko biyu a yini, warin yakan ragu cikin 'yan kwanaki. A rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Wari ne ke korar masu ziyara ya bar mutum cikin kunya, don haka maganinsa yana cikin aikin kiwon rai.

Baki kuma a goge shi da tsumma mai laushi da ruwan gishiri sau huɗu a yini, a kwanakin ƙarshe duk awa ɗaya ko biyu. Farin abu a harshe da ciwo wajen haɗiya yana buƙatar nistatin. A shafa man kaɗe a leɓe. Idan yana kan oksijin, a tambayi nas kafin a shafa kowane mai.

Yaya ya kamata fasto ko dattijo ya yi ziyara?

Ya tambaya kafin ya zo, ya wanke hannu, ya zauna daidai da fuskar mara lafiya maimakon ya tsaya a kansa. Minti 15 zuwa 20 sun isa, kuma gajeriyar ziyara sau uku a mako ta fi doguwa sau ɗaya. Bayan gaisuwa, ya yi tambayar da ke buɗe baki: "Baba, me ya fi damunka kwanakin nan?" "Me kake so mu roƙa?" Amsar takan ba da mamaki, ba kullum warkarwa ba ce, wani lokaci ɗan da ya yi fushi ya bar gida ne. Ya roƙi iyali su ba su wuri na 'yan mintoci, domin akwai maganar da ba a yi gaban mata da 'ya'ya. Idan mace ce, ya zo da matarsa ko wata dattijuwa ta zauna kusa.

Karatu gajere, wanda mutum ya riga ya sani: Zabura 23 ko 121, farkon Yohanna 14, ƙarshen Romawa 8. A harshen da ya tashi da shi, ko Hausa ko yaren gida, domin shi ne ke saura idan hankali ya fara gushewa. Addu'a da murya ƙasa. Ihu, girgiza gado da danna kai suna tayar da ciwo, a ɗakin asibiti kuma akwai maƙwabtan gado da ke da nasu hakki. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata.

Abin da aka faɗa wa fasto amana ne. Ba a sanar da sunan cuta a sujada, ko a matsayin roƙon addu'a, sai da izinin mai ita.

Zumuntar mata da mawaƙa suna so su zo gaba ɗaya.

Mutum uku ko huɗu, waƙa biyu a hankali, su tafi. Idan talatin suka zo, mai jinyar da ba ta yi barci ba ita za ta tashi neman kujeru da ruwa. Abin da ya fi amfani shi ne jadawali: wa zai kwana ranar Talata don ta huta, wa zai yi wanki, wa zai kawo itace, sabulu, safar hannu da famfas na manya.

Shafa mai, Jibin Ubangiji da baftisma fa?

Tushen shafa mai Yaƙub 5:14-15 ne, inda aka ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya. Ɗigo ɗaya a goshi ya wadatar. Ba a sha, ba a zuba shi a miki, ba a saye.

A Katolika abubuwa uku ne ake yi, bi da bi: ikirarin zunubi, shafewar marasa lafiya, da Yukaristi, wato Jibin Ubangiji, a matsayin guzuri. Biyun farko sai Fada. Shafewar a goshi da hannuwa ake yi, kuma ana iya maimaita ta idan ciwo ya ƙaru. Iyalai da yawa suna jinkirta kiran Fada don kada mara lafiya ya tsorata, sai a kira shi lokacin gargara, mutum ba ya iya magana. A kira shi tun da sauran hankali. A ikkilisiyoyin COCIN, ECWA, EYN, LCCN, Angilikan da sauransu tsari ya bambanta, don haka a sanar da Rabaran da wuri ya kawo Jibin Ubangiji gida. Wanda haɗiya ke ba wuya, ɗan mitsitsin gurasa ko ɗigo a harshe ya isa. Wanda ba ya haɗiya sam, a yi addu'a kawai.

Wanda ke ƙarƙashin horon ikkilisiya, ko wanda bai samu baftisma ba saboda zaman aurensa, dattawa su zauna a kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada su jira taron wata. Katolika, Angilikan da Lutaran sun yarda wanda ba fasto ba ya yi baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki idan rai na gab da fita, a sanar da ikkilisiya daga baya. Masu baftismar nitsarwa cikin ruwa su tambayi fastonsu. Babban mutum da bai taɓa nema ba, ba a yi masa bayan ya fita hayyacinsa.

Yana cewa "Me na yi wa Allah?" Wani lokaci kuma yana kiran sunayen waɗanda suka kama shi.

Tambayar farko kuka ce, ba ta neman wa'azi. Zabura 22 da 88 cike suke da irinta. A ce, "Faɗa mini, ina ji." Idan akwai takamaiman laifi da ke cin sa, a saurara, a tabbatar masa da gafara, a taimaka ya nemi wanda ya ɓata wa. Idan kuwa yana ganin cutar kanta hukunci ce, amsar Yesu game da wanda aka haifa makaho tana nan a Yohanna 9. Mai cewa gara a kashe shi, a fara duba ciwonsa, sannan a gaya wa likita, domin ciwon damuwa yana da magani.

Kiran sunaye kuwa, a yi hattara ƙwarai. Ruɗewa tana kama da yawa daga masu mutuwa: zazzaɓi, fitsarin da ya taru a mara, ɗaurewar ciki, gubar ƙoda ko hanta, ko magani, duk suna sa mutum ya ga abin da babu, musamman da dare. Abin da ya faɗa a wannan hali ba shaida ba ce. An raba gidaje, an kori gwauraye da tsofaffi da yara da sunan maita saboda irin wannan magana. A taɓa mara a ji ko ta kumbura, a tuna ranar bayan gida na ƙarshe, a bar fitila a kunne, mutum ɗaya da ya sani ya zauna kusa, a kira nas. Kada a ɗaure shi.

Duk gidan addu'ar da ya ce a ajiye magani, ko mara lafiya ya yi azumi, ko a biya kafin a yi addu'a, ko ya nuna wani a dangi, a fita da shi daga wurin.

Idan muka dakatar da wankin ƙoda ko kemo, wato maganin cutar kansa, mun kashe shi ke nan?

A'a. Barin maganin da wahalarsa ta fi amfaninsa daban yake da ba mutum abu don ya mutu. Na biyun laifi ne a dokar Nijeriya, ikkilisiyoyinmu kuma ba su yarda da shi ba. Na farkon, Katikizim na Katolika ya halatta shi a sakin layi na 2278, kuma Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar a 2001 cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. A tambayi likita abu uku: me wannan zai ƙara masa, na tsawon wane lokaci, da wace wahala da wane kuɗi. Hukuncin na mara lafiya ne muddin yana iya magana, ba na wanda ke biyan kuɗi ba.

Yaushe za a yi maganar wasiyya?

Tun yana da cikakken hankali. A rubuce, ya sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci ɗaya, waɗanda su da matansu ko mazansu ba su da rabo a ciki. Idan an bar wa ikkilisiya wani abu, kada fasto ya zama shaida. Sunan da aka rubuta a banki a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji. Gonar gado da gidan iyali suna da hukuncin al'ada, kuma irin auren da aka ɗaura yana canza rabo, don haka a ga lauya. A tattara takardar aure, ta fili, ta fansho, da jerin bashi, wanda ake binsa da wanda yake bi. Ya faɗi inda yake so a binne shi gaban manyan dangi.

Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci a gidan da ke da Kirista da Musulmi. A bar kowa ya zo ya gaishe da ɗan'uwansa ya yi masa fatan alheri, amma gadon mai mutuwa ba wurin jan ra'ayi ba ne, daga kowane ɓangare.

Yaya za mu gane lokaci ya yi?

Barci yana ƙaruwa, haɗiya tana gagara, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Numfashi ya riƙa zurfi, ya yi sama-sama, ya tsaya na daƙiƙa 10 zuwa 30 ko fiye, ya dawo. Kakari yawu ne da ya kasa haɗiyewa. Ya fi damun masu ji fiye da shi. A kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kai, a goge baki. Wasu sukan farfaɗo na yini guda su yi magana su nemi abinci. A yi amfani da ranar, kada a ɗauka warkewa ce.

Kada a yanke maganin ciwo don ya daina magana. A tambayi nas yadda za a ba shi idan haɗiya ta tsaya. Ana ɗauka ji yana cikin abin da ke saura har ƙarshe, don haka a yi masa magana, kada a yi gardamar gado ko kuɗin akwati a kansa. Ɗaukarsa a mota zuwa asibiti a wannan hali yakan ƙare da rasuwa a hanya.

Bayan ya cika, me za mu fara yi?

A duba agogo a rubuta lokaci. A kira ma'aikacin lafiya ya tabbatar, sannan fasto. Babu gaggawa a awar farko. A bar iyali su yi kuka, a yi addu'a. Da safar hannu, a rufe ido, a naɗe tawul ƙarƙashin haɓa, a miƙar da gaɓoɓi kafin awa biyu zuwa uku, lokacin da jiki ke fara sandarewa. A zafin ƙasarmu, in ba za a binne cikin yini ba, a kai ɗakin ajiye gawa. Idan zazzaɓi da zubar jini ne suka kashe shi, ko ana zargin Lassa, kada a wanke, kada a taɓa, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A karɓi takardar likita, a yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da fansho za su nema.

Yara a gaya musu "ya mutu", ba "ya yi tafiya" ko "yana barci" ba, don kada su zauna jira ko su ji tsoron kwanciya. Ikkilisiya kuma ta sa sunan mutum biyu da za su riƙa leƙa gidan bayan an watse daga makoki: mako na biyu, na shida, wata na uku, Kirsimetin farko, da ranar cika shekara. Wanda bayan watanni har yanzu ba ya ci, ba ya barci, ya koma sha, ko yana maganar bin mamacin, a raka shi wurin likita.